Eskabeta na nuna SPN 639 FMI 9, wai birenbos ce ta mutu, ta ina zan fara?

"Salam Oga Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni bakanike ne, aikina ya fi ƙarfi a inji da haidurolik, harkar wuta sama-sama na sani. Akwai eskabetar maigidana tan 20, 'yar Beljiyam ce mai injin Cummins, tana aiki a wani ramin burji ta hanyar Gwarzo. Tunda damina ta kankama take mana wani abu, da safe lafiya lau, amma in ta yi awa ɗaya zuwa biyu sai lambar gudun inji da ta zafin ruwa su ɓace daga monita, ƙarfinta ya ragu, injin dai baya mutuwa. Tana nuna SPN 639 FMI 9. In an kashe an ɗan jira sai ta dawo. Mun canza monita bata daina ba, yanzu wani mai rewaya ya ce birenbos ɗin inji ce, maigida ya ce in tabbatar kafin ya fidda kuɗi. Dan Allah ta ina zan fara? Mita kawai nake da ita."

Wa alaikumus salam ƙanina, amin summa amin. In na fahimce ka, na'ura tana tashi lafiya, sai ta ɗau zafi sannan monita ta daina ganin inji, injin kuma yana ci gaba da juyawa, an riga an sayi monita a banza, yanzu ana shirin sayen birenbos, wato kwamfutar inji. Toh ka ce wa maigida ya riƙe kuɗinsa tukuna. Mitar nan taka ta auna wuta ta isa ta yi maka kaso mafi yawa na aikin in ka san inda zaka ɗora ta, kuma ka kyauta da ka rubuto lambar yadda take, da yawa sai dai su ce min "tana nuna ja" shikenan.

Abin da lambar take faɗa

Waɗannan na'urorin na zamani, eskabeta ce ko gireda ko felloda, kwamfuta ba ɗaya ba ce a jikinsu. Akwai ta inji, akwai mai kula da famfon haidurolik, ga monita ita ma kwamfuta ce, wasu har da ta giya da ta esi. Dukkansu a kan waya biyu kacal suke magana, wayoyi ne da aka murɗe su tare kamar igiya, ɗaya CAN H ɗaya CAN L. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da tsarin a 1986, manyan motoci da na'urorin gini kuma suka ɗora nasu yaren a kai mai suna J1939, yawanci da gudun bit 250,000 a daƙiƙa, sababbi kuma 500,000. A ƙa'idar J1939 CAN H ruwan ɗorawa ce CAN L kore, amma ba kowane kamfani ke bin kalar ba, sai ka duba zanen wayoyin taku.

Ka ɗauke shi kamar majalisar ƙofar gida, kowa na zaune a tabarma ɗaya, in ɗaya na magana saura na ji. Kwamfutar inji sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya take faɗin gudun inji, zafin ruwa kuma sau ɗaya a daƙiƙa. SPN 639 sunan ita wannan tabarmar ce, wato layin J1939, FMI 9 kuma ma'anarsa saƙon da ake jira bai iso a kan lokaci ba. Kaga kenan wani ne a majalisar yake cewa "ban ji muryar wane ba". Bai ce wane ya mutu ba. Zai iya yiwuwa wanen ne ya yi shiru, zai iya yiwuwa hanya ce ta yanke, ko hayaniya ta yi yawa, ko ma shi mai ƙorafin ne kunnensa ya toshe. A Caterpillar irin wannan zaka ga CID 247 FMI 9, nasu tsohon layin Cat Data Link kuma CID 248, a Volvo MID 128 SID 231, duk dangin juna ne.

Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai a sana'ar nan. An ga lamba mai sunan kwamfuta sai a ce kwamfuta ce, a tafi Kofar Ruwa ko a aika Legas a nemo wata, a ɗaura, kwana biyu matsalar ta dawo, mai na'ura ya yi asarar kuɗin kaya ga ta kwanakin haya, mu kuma masu gyara a daina yarda da mu gaba ɗaya.

A bayaninka akwai abu biyu da suka sa nake ganin birenbos ɗin nan da ranta. Na farko injin baya mutuwa. Inji mai kwamfuta ita ke buɗe nozul mai fesa mai, da wuta ta ɗauke mata ko ta lalace gaba ɗaya da injin ya tsaya cak. Na biyu matsalar tana zuwa tana tafiya, tana bin zafi da jijjiga, kuma da ruwan sama ta fara. Wannan halin waya ne da soket. Raguwar ƙarfin ma kar ta ruɗe ka, ita kwamfutar famfo da gudun inji take lissafin nawa zata ɗora masa, in ta daina jin labarinsa sai ta ja baya don kar ta shaƙe shi.

Abu ɗaya nake so ka tambayi ofareta, ko ka zauna kusa da shi ka gani da idonka. Sanda abin zai faru, monita ɗaukewa take ta sake tashi kamar an kunna makulli yanzu, ko tana nan a kunne lambobin ne kawai suke ɓacewa? In ɗaukewa take, wutarta ko nagetif ɗinta zaka bi. In tana kunne, layin magana ne.

Wuta tukuna

Ko da wanne ne, ni ban taɓa fara wannan aikin daga CAN ba, daga batir nake farawa. Na'urarku 24V ce, batir biyu. Auna kowanne daban, a kashe ya kamata su zo kusan ɗaya, wajen 12.5V kowanne. In ka ga ɗaya ya fi ɗaya sosai toh duba ko an jona wani abu a batir ɗaya, don ofaretoci suna son jan 12V daga tsakiya su sa rediyo ko cajin waya, wannan yana kashe batir ɗaya a hankali. Tada inji, caji ya tsaya wajen 27.5V zuwa 28.5V. Sai ka juya mitar zuwa AC ka ɗora a bayan altaneta, ni dai in na ga ya haura 0.5V nakan zargi diyod ɗin altaneta, masu mayar da AC zuwa DC, kuma altaneta mai irin wannan ciwon tana zuba hayaniya a wayoyin na'ura duka.

Sai nagetif. Kar ka auna shi da om, wato awon yadda waya ke tare wuta, ka ce lafiya, silin waya ɗaya da ya rage ma zai nuna maka sifili. Inji na aiki, fitilu da esi a kunne, ɗora mita a DC tsakanin nagetif ɗin batir da jikin inji, sannan tsakaninsa da jikin kabin, sannan da fin ɗin nagetif, wato ƙafarsa a cikin soket, na kowace kwamfuta. Abin da ya wuce 0.2V ni bana barinsa. Kwance wayar bodi, goge tsatsa har ƙarfe ya yi fari, ɗaure. Makullin batir ɗin nan babba shi ma yana cin wuta a ciki in ya tsufa. Akwatin fiyus da rile kuma ka taɓa su bayan awa ɗaya na aiki, wanda ya yi zafi fiye da 'yan uwansa ƙafarsa ta saki.

Om 60

In wuta ta fita daga zargi sai mu zo kan layin. A ƙarshensa biyu akwai rezista, kowacce om 120, aikinsu su shanye saƙo in ya kai ƙarshe don kar ya dawo kamar amsa kuwwa a ɗakin da babu kaya. Tunda su biyun a haɗe suke ta wayoyin nan, in ka auna tsakanin CAN H da CAN L om 60 zaka gani. Amma sai ka kashe makulli, ka kashe makullin batir, ka ɗan jira minti biyu, in da wuta a layin mita ƙarya zata yi maka.

Wurin aunawa mafi sauƙi shi ne soket ɗin da ake jona laftof. In zagayayyen nan ne mai fin 9 na ƙa'ida, A nagetif, B wuta, C CAN H, D CAN L. Na Caterpillar kamarsu ɗaya a ido amma jerin finafinansa daban ne, kar ka ɗauki wannan ka kai can. Kuma wasu na'urorin layin CAN biyu ko uku ne da su, ka tabbata wanda kake aunawa shi ne wanda inji da monita suke kai.

In ka ga 60 ko kusa da shi, babban layin a haɗe yake a wannan lokacin. In ka ga 120, rezista ɗaya bata nan ko waya ta yanke tsakaninka da ita. In ka ga 40, an sa ta uku. In ya kusa sifili wayoyin biyu sun haɗe. A nan ne maganar monitar da kuka canza ta dame ni, don a wasu na'urorin rezista ɗaya a cikin monita take ko a cikin kwamfutar inji, wasu kuma a waje take cikin ɗan soket mai kusurwa uku da aka naɗe a damin wayoyi. In sabuwar monitar ba irin tsohuwar ba ce sak, zata iya ƙara muku ta uku ko ta rage ɗaya, sai ya zama kun ƙara ciwo a kan ciwo. In tsohuwar na nan ka auna da ita ka auna da sabuwar, in da hali ma ka mayar da tsohuwar har a gama bincike.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne layi mai rezista ɗaya yakan yi aiki, musamman in gajere ne, sai an samu zafi ko hayaniya sannan ya fara tuntuɓe. Kuma 60 a soket ɗin laftof baya nufin reshen da ya tafi kowace kwamfuta lafiya yake. Sai ka zare soket ɗin kwamfutar inji ka auna daga can ma, haka na kwamfutar famfo, haka na monita, kana tuna cewa in wadda ka zare ita ke ɗauke da rezista a ciki toh 120 zaka gani kuma daidai ne.

Kafin ka mayar da wuta, auna kowace waya da bodi. Ya kamata ya zama babban adadi, dubbai zuwa sama. In ka ga ƙaramin om toh wani wuri ta goge tana taɓa ƙarfe.

Yanzu mayar da batir, kunna makulli, mita a DC, baƙar a nagetif mai kyau. A zahiri in layi na hutawa wayoyin biyu 2.5V suke, in ana magana H ta hau 3.5V, L ta sauka 1.5V, amma abin na gudu da sauri mita bata iya binsa, matsakaici take nuna maka. Don haka H zaka ganta tsakanin 2.5V da 3V, L tsakanin 2V da 2.5V, in ka tara su su ba ka kusan 5V. In ɗaya ta faɗi sifili ta taɓa bodi, in ta yi sama sosai ta taɓa wayar wuta. In su biyun sun tsaya daidai wa daida basa motsi, ko dai sun haɗe ko ba mai magana.

Taka mai zuwa da tafiya ce

Gaskiyar magana da safe duk waɗannan zasu iya fito maka lafiya lau, tunda ita ma na'urar da safe lafiya take. Shi ya sa nake so ka je ramin da shirin wuni. Rubuta adadin da ka samu da sanyi. Bari ofareta ya yi aiki har ta yi halin nata, kar a kashe, auna wutar H da L a take, sannan a kashe ka auna om da sauri kafin ta huce. Bambancin da zaka gani tsakanin na safe da na rana shi zai nuna maka hanya.

Sannan girgiza. Makulli a kashe, mita a kan om a soket ɗin laftof, sa yaronka ya zuba mata ido, kai kuma ka bi damin wayoyin da hannu kana lanƙwasawa kana ja a hankali, taku ɗaya-ɗaya, daga bayan kujera, ƙarƙashin kabin inda suke ratsa ƙarfe, gefen famfo, har kan inji. In mitarka na da maɓallin riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma ka danna shi. Inda 60 ya yi tsalle, tsaya nan. Wuraren da na fi kamawa su ne inda aka ɗaure damin da maƙalin ƙarfe robarsa ta cinye, da inda ya bi kusa da tabo (turbo) ko salansa, da inda ya tashi daga bodi ya hau inji, don inji na rawa bodi na tsaye. In zaka yi wannan inji na aiki, mita a DC ba a om ba, a ajiye bokitin eskabetar a ƙasa, a sa sandar kulle haidurolik a kulle, ka yi nesa da fanka da bel dan Allah.

Tunda da damina ta fara, soket nake fi zargi. Ƙurar hunturu ta Kano tana shiga ko'ina ta kwanta, zafin Afrilu ya busar da robobin da ke tare ruwa su tsattsage, ruwan Agusta ya zo ya tarar da ƙofa a buɗe, ƙura ta zama laka a cikin soket. Ga masu wanki da injin feshi da suke saita bakinsa kai tsaye kan wayoyi. Zare kowane soket da layin ya bi, haska da tocila, nemi kore-kore ko fari-fari a kan fin, duba bayansa ko akwai ramin da ba waya kuma ba ɗan toshinsa. Sai ka samu sabon fin namiji irin nasa ka zura a kowace mace ka ja, ya kamata ka ji ta riƙe shi. Wadda ya fita salin-alin ta buɗe, kuma yawanci mu ne muke buɗe su da tsinken mita ko ƙusa, in ta yi zafi ta ƙara saki. Shi ya sa nake hana yarana cusa tsinken mita ta gaba, kuma bana yarda a huda waya da allura, ramin nan ruwa zai bi.

Akwai wata felloda da aka kira ni a kanta a wani sayit ta wajen Na'ibawa, an riga an canza mata kwamfuta ɗaya, ana maganar ta biyu. Om 60 cif, wuta lafiya. Na kusa awa uku ina bin waya, sai da na zo wani soket a ƙarƙashin matakalar kabin, ina taɓa shi mita ta tafi 120. Na buɗe, ruwa ya ɗigo min a hannu, fin ɗin CAN L ya yi kore ya kusa rabewa biyu. Fin biyu da roba ɗaya muka canza. Mai na'urar ya daɗe yana kallon tsohuwar kwamfutar da aka ce ta mutu, muka mayar da ita ta tashi lafiya, wallahi har yau in na tuna kuɗin da bawan Allahn nan ya kashe raina baya min daɗi.

Ka tambayi maigida abu uku kuma. An sa mata tiraka? An yi walda a jikinta kwanan nan? An taɓa jan wuta daga wata na'ura ko cire kan batir inji na aiki? Tiraka masu karanta mai da awannin aiki a kan CAN ake jona su, na sha ganin an fere wayar an naɗa an rufe da salatif, wata ma da tata rezistar a ciki, sai ka ga 40. Cire ta gaba ɗaya ka gwada wuni ɗaya. Walda kuwa in ba a kashe makullin batir ba, ko aka maƙala wayar bodin walda nesa da wurin aiki, wutar takan nemi hanya ta cikin ƙananan wayoyi. In na'urar ta taɓa yin wata guda a ajiye, ka sa ɓera a lissafi.

In ka samu wurin, gyaran ma da ƙa'idarsa. Kar a kawo wayar fitila a miƙe a jona. Waya mai kauri irin nata, a murɗe su tare yadda suke, ni nakan yi kusan murɗa ɗaya a kowane inci, a haɗa da dalma ko a matse da abin matse fin, a rufe da robar nan mai tsukewa da zafi. Murɗin nan shi ke sa hayaniyar waje ta faɗa kan wayoyin biyu daidai ta soke kanta. In akwai rigar ƙarfe a kansu a mayar da ita, kuma wuri ɗaya tak ake haɗa ta da nagetif. Kar a tsawaita reshe, ƙa'idar mai rigar ƙarfe tsawon mita 1 ce, babban layin gaba ɗaya kar tsawonsa ya wuce mita 40.

Yaushe ne kwamfutar ce da gaske

Tana faruwa, ba zan ce maka bata faruwa ba. Akwai ɗan ƙaramin sashe a cikin kowace kwamfuta da ke magana da layin, walda ko wutar 24V da ta shiga CAN tana iya ƙona shi, injin ya ci gaba da aiki amma bakinsa ya mutu, ko ya riƙa surutu yana hana kowa magana. Yadda nake kamawa shi ne in wutar layin ta karkace sai in riƙa zare kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, makulli a kashe kowane zarewa, wadda na zare layin ya dawo daidai ita ce. Sai in auna finafinan CAN na jikinta da nagetif ɗinta tana zare, in na ga ƙaramin om na tabbatar. Amma sai wutarta da nagetif ɗinta da reshenta duk sun ci jarabawa, da zafi ba da sanyi ba, kafin in buɗe baki in ce a saya.

Ko an zo sayen ma, 'yar Beljiyam mai kama da ita a ido bata isa ba. Lambar jikinta da manhajar cikinta sai sun dace da injin da na'urar, in ba haka ba zata tashi amma ta riƙa jiran saƙon da ba mai aikowa, lambar nan ta sake fitowa. Wannan sai mai laftof, na Cummins INSITE ake ce masa, Caterpillar Cat ET, Volvo kuma Tech Tool.

Ni daga nan ban ga na'urar ba, kuma ban ga zanen wayoyinta ba, don haka inda rezistocinta suke da lambar fin a kowace kwamfuta sai ka nemo littafinta da lambar bodi. Mita ma tana da iyaka, yankewar da bata kai ƙiftawar ido ba ko hayaniyar altaneta a kan layi sai osiloskop, na'urar da ke zana motsin wuta a allo, ke nuna su. In ka yi duk abin da na lissafa komai ya fito daidai da sanyi da zafi, toh lokacin ne zaka kira mai laftof, kuma ka ce masa kar ya goge lambobi sai ya nuna maka kwamfutoci nawa yake gani a layin, wacce ke ƙorafin wacce, sau nawa, a awa nawa. In kowa inji yake nema, reshen inji ne. In kowa na neman kowa, babban layin ne.

Gobe in Allah ya kai mu ka fara da batir da nagetif, sannan om a soket ɗin laftof da tsohuwar monita da sabuwa. Ka turo min adadin guda huɗu, om da safe, om da ta yi halin, wutar H da ta L, da amsar ofareta kan ko monita ɗaukewa take, sai mu ga wane soket zaka fara buɗewa. Allah ya ba da sa'a.